Firiza Mai Lamba Huɗu

Ƙarfe uku na dare ƙararrawa ta tashe ni.
Firiza mai lamba huɗu ta fara ɗumi,
daga tamanin ƙasa da sifili ta hauro saba'in da ɗaya,
ni ce kuwa ke riƙe da makulli a wannan mako.
Na ratsa titunan Joensuu, dusar ƙanƙara har gwiwa,
don in hana wani akwatin ƙarfe yin zafi
a garin da kowa ke neman wuta.

Mutum dubu tara ne a ciki.
Cokali guda-guda na jininsu,
tun shekarar da nas-nas suka bi ƙauyukanmu
da ma'auni da allura da takarda mai tambaya sittin.
Kara nawa na taba kake sha a yini?
Man shanu, shafawa kake ko yankawa?
Mahaifinka me ya kashe shi, yana da shekara nawa?

Babana Veikko ya amsa duka yana dariya.
Ya ce mai saran itace tun asuba
ba ya tsoron kitse, kitse ke tsoronsa.
Ya naɗe hannun riga ya miƙa musu,
ya dawo gida da auduga manne a dantse,
ya ba ni alewar da aka ba shi.
Bayan hunturu shida aka same shi jingine da kututture,
injin zarto na ta kuka shi kaɗai a gefensa,
burodinsa a aljihu, ko gutsura bai yi ba.
Arba'in da takwas.
A layinmu, matan da suka sa baƙi
sun wuce yatsun hannu biyu.

Yanzu ga ni ina kwashe kwalabe zuwa firiza ta biyar,
safar hannu biyu-biyu, numfashina na hayaƙi.
Babu suna a jikinsu, sai lamba.
Takardar da ta ɗaura lamba da suna
tana wani gini, a hannun wanda bai taɓa ganin jinin ba.
Haka doka ta ce, na kuma yarda da ita.
Amma duk akwatin da na ɗauka
sai in tallabe shi kamar shi ne.

Dokta Hirvonen ta ce bana za mu narkar da ɗari uku,
mu nemi wani sinadari da ko suna ba shi da shi
ranar da aka ɗebi jinin.
Wai zuciya kan yi shekaru tana raɗa kafin ta yi ihu,
raɗar kuma a jini take zuba.
Ruwa dai ba ya tsami banza.
Na tambaye ta: da an ji, da ya rayu?
Ta cire tabarau ta goge da bakin riga.
Ta ce: cikin ɗari irinsa, wataƙila goma sha biyu.
Su wane ne sha biyun,
nan lissafi ke yin gum da bakinsa.

Nawa sakamakon yana jakata tun Talata.
Lamba ɗaya an ja mata jan layi.
Ba hukunci ba ne, na sha faɗa wa mutane,
hadari ne ya haɗu, ba lallai ya zubar ba.
Faɗa ba wuya.
Jiya na tsaya gaban man shanu a kanti
har wata yarinya ta ce, Inna, zan wuce.

Biyar da rabi na rufe ƙofa.
Tamanin. Fitila ta koma koriya.
Na zauna a kujerar mai gadi, ina jiran yatsuna su dawo,
injina shida na gurnani a bayana.
Yana nan ciki, ko akwatin farko ko na ƙarshe,
hannun riga a naɗe,
bai gama ba da amsa ba.