Ranar Shigar da Lemuna

Gwiwata ce ta fara kawo labari,
tun kafin rediyo, tun kafin tsuntsaye su yi ƙaura:
sanyi ya sauko daga duwatsu,
yau lemuna za su kwana a ɗaka.

Tukwane arba'in da ɗaya, na jar ƙasa,
kowacce ta girme ni, ta fi ni nauyi.
Dā mu goma sha biyu ne, da shanu da amalanke.
Yau daga ni sai Nerio ɗan ƙanwata,
sai wata tsohuwar tarakta mai tarin asuba.

Hasumiya na nan inda aka bar ta shekara ɗari shida,
tagoginta tsukakku, na maharba,
yanzu tantabaru ke gadi.
Ɗaki sittin da uku.
Uwargida Ermelinda na kwana a ɗaya, tana ci a ɗaya,
saura ta bar wa ƙura da kakanninta
masu harara daga bango, wuya cikin farin leshi,
kowa da takobinsa, kowa da karensa.
In ruwa ya sauko, ni ke bi da kwanoni
ina tarar ɗigo ƙarƙashin mala'ikun da aka zana a rufi.

Ran Asabar baƙi kan yanki tikiti,
su ɗauki hoton zakin dutsen da ya daina aman ruwa,
su ɓace a shingen da nake yi wa aski sau biyu a shekara,
su fito suna cewa: kai, masu gidan nan sun iya lambu!
Ina tsaye da almakashi, ban ce uffan ba.
Mai shan inuwa bai tambayar wa ya dasa.

Da hantsi sai ga ta,
sanda a hannu, kwat ɗin marigayi har idon sawu.
"Tullio, wa kake kira Gaspare?
Na ji ka ta taga kana masa faɗa."

Kunya ta rufe ni. Na nuna tukunyar
da muka ɗaure wa tsaga da waya.
"Kakana ne, ranki ya daɗe. Shi ya aura mata reshe
shekarar da yaƙi ya ƙare.
Waccan Assunta ce, mai wanki, mai tsamin baki.
Waccan gajerar Bettino, da ya faɗo daga tsani
yana gyara muku itacen bakin ƙofa.
Ba bangon da ya ɗauki fuskarsu,
shi ya sa nake ba su ruwa."

Ta daɗe tana shafa wayar.
"Mutanen Milano sun sake aiko takarda.
Otal suke so, da wurin iyo
daidai nan inda muke tsaye."
Ƙararrawar cocin ƙauye ta buga sha ɗaya.
Ta tsinki lemo guda, ta karce ɓawon da farce,
ƙamshin ya shiga tsakaninmu.

"Akwai wadda ba ta da suna?"
Na ce akwai ƙarama, dashen bana, ko fure ba ta yi ba.
"Ajiye mini ita. Kada ka sa ta kusa da Assunta,
mun sha yi da ita."

Nerio ya ƙwala kira: tarakta ta sake mutuwa.
Muka sa kafaɗa, muka tura Gaspare da ƙyar,
ita kuwa, jikar masu takobi,
ta riƙe mana ƙofa kada iska ta rufe.