Littafin Awo

Takardar da na rubuta sakin a kanta,
daga littafin awona na yago ta.
A bayanta akwai kafaɗar wani alhaji, sha takwas,
da tsawon hannunsa, ashirin da huɗu.
Alƙali ya juya ta, ya sake juyawa,
ya ce, "Malam Ɗanjuma, wanne ne naka a ciki?"
Kotu ta yi dariya.
Sa'adatu ba ta yi ba.

Ya ce, sau nawa?
Na ce ɗaya.
Ta ce ɗaya ne, amma shi ne cikon na uku.
Na laluba bakin musu na rasa.
Ni da ke farke ɗinki kullum a Kasuwar Barci
in mayar kamar allura ba ta taɓa bi ba,
ga wanda na farke da harshena
an ce babu zaren da zai kama shi.

Sai aka zo kan Nusaiba.
Shekararta huɗu, tana ƙarƙashin benci
tana kwance wa ɗan sanda igiyar takalmi.
Na ce 'yata ce, sunana take amsawa.
Ya ce, "Wa ya ce ba taka ba ce?
Suna naka, ci da sha naka,
makaranta da magani duk naka.
Riƙo kuwa na uwa ne."
Magatakarda ya duƙa ya rubuta:
dubu goma sha biyar duk ƙarshen wata,
Asabar biyu, daga hantsi zuwa la'asar.

Shi ya sa nake zuwa da tef a wuya.
Ba na tambayarta wa ke zuwa gidan,
ba na cewa me uwarki ta ce.
Miƙe, nake cewa, ɗaga hannu.
Kafaɗa zuwa idon sawu, ashirin da takwas.
Bayan damina, talatin.
Inci biyun nan ban san ranar da suka zo ba,
da dare ne, ko tana cin tuwo, ko tana kuka.
Na dai rubuta su.

Bara Sa'adatu ta yi aure a Mando.
Na sa babbar riga, na koma kotu da sassarfa,
a zatona layi ya zo kaina.
Alƙali ya buɗe littafi ya karanto jeri:
uwar uwa, sai kakar uwa, sai 'yar'uwar uwa.
Ina ƙirgawa da yatsu.
Hannu ɗaya ya ƙare ban ji kaina ba.

Yanzu tana Rigasa wurin Inna Tasalla,
can inda ƙarar jirgi ke tashe ta da safe.
Mota biyu nake shiga, in ƙarasa da ƙafa
in ruwa ya cinye hanya.
Duk rigar da na ɗinka mata
ina naɗe inci uku a cikin lafi,
tanadin kwanakin da ba na nan.
Tsohuwar ta gane.
Da reza take saukewa, kaɗan-kaɗan,
ba ta taɓa ce mini komai a kai ba.

Asabar ɗin da ta wuce aka kira la'asar,
na jawo takalmi.
Inna Tasalla ta ce, "Zauna ka ci ɗanwake,
alƙali bai ajiye agogo a gidan nan ba."

Nusaiba ta zare tef daga wuyana,
ta hau turmi, ta ce in miƙe, in ɗaga hannu.
Ta auna, ta murtuke fuska kamar mai karanta hukunci.
"Baba," ta ce, "kai ba ka ƙaruwa."

Na ba ta biro.
Na ce rubuta, ga shafi nan,
wanda ke kusa da inda aka yage.