Kwalbar Celestino

A gidanmu kaka biyu ce:
wadda ke zuwa a watan goma da kwanduna da zanzaro,
da wadda ke zaune bakin murhu, Ermelinda,
mai shekara casa'in ba ɗaya.
Kowacce sai an bi ta a sannu.

Tudunmu yana Piemonte,
inda hazo ke kwana a kwari sai hantsi ya tashe shi.
Ƙasar fara ce, mai taurin kai.
Alkama ta ƙi ta, masara ta ƙi ta,
inabi kaɗai ya ce ya ji ya gani.

Pievaroli na farko shi ya haƙa ɗakin ƙarƙashin ƙasa,
hunturu bakwai, da diga da fitilar mai.
Ina sa yatsa a sawun digarsa
duk sanda aka aike ni can.
Gangunan katako na numfashi a duhu
kamar shanu sun ƙoshi.

Duk jaririn da ya faɗo a gidan nan
ana kwantar masa da kwalba goma sha biyu,
a rubuta sunansa da alli.
Ta ranar aure, ta ɗan fari,
ta ranar da aka biya bashi,
ta ƙarshe kuwa ba da shi ake sha ba.

Akwai gurbin da babu komai sai yanar gizo.
Shekarar ƙanƙara ke nan.
Kafin tukunya ta tafasa, aikin wata goma ya kwanta a laka.
Babana Tullio ya tsaya tsakanin kunyoyi, hula a hannu,
bai ce uffan ba har kwana uku.
Ni aka haifa a shekarar.
Sunana na nan da alli, Nives,
ƙarƙashinsa ba kwalba ko ɗaya.

Can ƙurya kuma, ta Celestino, ƙanin kakata,
wanda ya hau jirgin ruwa a Genova yana ɗan sha tara.
Wasiƙa ɗaya daga Ajantina, da hotonsa a kan doki.
Daga nan shiru.
An sha goma sha ɗaya da sunansa, ana sauraron ƙofa.
Ɗayar ta rage, ƙura ta yi mata bargo.

Bara wani ya zo daga Milano,
takalminsa bai san taɓo ba.
Ya shinshina, ya kurkure baki, ya lumshe ido,
ya ce yana jin ƙamshin fure da fata da ƙasa bayan ruwa.
Ya taya sunanmu, ya taya tudun,
ya taya har kwalbar ƙurya.
Kakata ta ce: “Ɗauko ta.”

Toshiyar ta marmashe a hannun babana.
Aka tsiyaya. Launin tsatsa.
Ta kai baki, ta yamutsa fuska,
sai dariya, har da hawaye, har da tari:
“Ta yi tsami!
Shi ma haka yake, bai taɓa iya zama wuri ɗaya ba.”
Daren nan a kan dafaffen wake muka zuba ta,
da man zaitun da albasa.
Baƙon ya ci, ya nemi ƙari,
ya tafi da takardunsa ba sa hannu.

Yanzu watan biyu ne, sanyi na cizon kunne.
An kawo ta gona a kujera, an lulluɓe.
Almakashin aska yana hannuna,
nata hannun a kan nawa, ba nauyi, kamar busasshen ganye.
“Ba nan ba. Ƙasa kaɗan.
Bar masa ido biyu,
ɗaya na bana,
ɗaya na wanda ba mu san sunansa ba tukuna.”

Na datse.
Reshen ya ɗigo da ruwa, ya tsaya.
Muka matsa gaba.