Makulli a Zaren Buhu

Shekara goma sha ɗaya
ƙararrawa ce ke jin yunwa a madadina.
In ta kaɗa in ci, in ta kaɗa in kwanta.
Mu goma sha huɗu, gadaje a jere
kamar kwale-kwalen da aka ɗaure a bakin ruwa,
fitilarmu a hannun mai farin kaya.

Ranar da na fito, Tabawa ce ta tare ni,
a kan keke irin nawa,
taya ɗaya ta sha ɗaurin roba.
Ta miƙo mini makulli a zaren buhu.
Na juya shi, na sake juyawa,
na ce, wa zan ba ajiya?
Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

Ɗaki ɗaya a Agege, bayan layin dogo,
gidan Iya Morufu mai tuyar doya.
Tsakanin ƙofata da titi akwai kwata,
baƙin ruwa mai kumfa, katako biyu a kai.
Tabawa ba ta tura ni ba.
Ta haye, ta juyo, ta naɗe hannu:
“Ɗaga gaba kaɗan. Kar ki dubi ruwan.
In kin faɗa, na riga ki, sau biyu,
ga ni kuma da raina.”

Daren farko ba wanda ya zo kashe fitila.
Na zauna ina jira, ina jira,
har Nepa ta ji tausayina.

Ta koya mini abin da likita bai rubuta ba:
wane kwandasta ke naɗe keke ba tsaki,
yadda ake taya barkono da Yarbanci
a sa keya a yi kamar za a tafi,
da yadda, in wani ya jefo mini hamsin a cinya
alhali danfo nake jira,
zan mayar masa da murmushi,
ko babu murmushin, in na ga dama.
Wannan ganin damar ya fi kwatar ba ni tsoro.

Mako na biyu shinkafa ta ƙone,
ruwan sama ya sami hanya ta kan katifa.
Na buga mata waya tsakar dare:
ki mayar da ni, can ko ba komai an san lambar gadona.
Ta yi shiru. Ina jin janaretan maƙwabtanta.
Ta ce, “Kwana tara da fitata na koma.
Na riƙe ƙarfen ƙofa ina roƙon maigadi,
ya ce an ba wata gadon.
Kuka na yi daga Ikorodu har Ketu.”
Ba ta ce in yi haƙuri ba.
Ta ce, “Kankare tukunyar, ƙanzo ma abinci ne.
Ki ja katifar gabas.
Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo,
ke ce mai ɗakin.”

Kowace Alhamis takan zo.
Alhamis ɗin jiya ba ta zo ba, zazzaɓi.
Na dama koko, na kulle ƙofa,
na haye katako, danfo biyu zuwa Idi-Araba,
rabin kokon ya ƙare a zanena.

Ta buɗe ido guda. “Wa ya kawo ki?”
Na ce, ni.
“Kin kulle ɗakin?”
Na taɓa zaren da ke wuyana.
Ta kurɓa, ta ce ba sukari,
sannan ta ce, “Wata za ta fito watan gobe,
Ladingo, ba ta cika magana ba.
Na ba da lambarki.”
Na ce, ni me na sani?
Ta ja mayafi, ta juya bango.
“Kin san kwata.”