Lamba Arba'in da Bakwai

A littafin bincikena ke ce arba'in da bakwai:
kwana ɗaya a duniya, kilo biyu ba kaɗan,
hanji a waje, naɗe cikin leda.

Daga Mangu a motar dankali,
awa huɗu har da faci a Bukuru.
Wannan ma akwai gurbinsa, na cike.

Kyauta ta dangwala yatsa a takardar yarda,
ta ce, "Rubutun nan zai tashe ta?"
Na ce, "Ko bai tashe ta ba, zai tashi ta bayanta."
Ta goge tawadar a bakin zani.

Dakta Nanret na mayar da hanjin kullum safiya,
kaɗan-kaɗan, kamar mai ɗura acca a kwalba.
Wuta ta ɗauke, sanyin Jos ya shigo,
muka yi ta dafa ruwa har asuba.

Yau kwana bakwai, kin yi kashin fari,
ɗaki ya kaure da guɗa.
Kyauta ta raɗa mini: Tabawa.
Ƙa'ida ta hana suna a littafin.
Na rubuta shi a tafin hannuna.