Mu Biyar Ne

Shagona bai fi tabarma biyu ba,
a bayan Kasuwar Barci, jikin masu ɗinki.
Da la'asar Ladingo ta shigo da ambulan,
ta ce babanta zai cika saba'in ranar Asabar,
a haɗa masa bidiyo na minti huɗu,
irin na tsaye, wanda ke cika fuskar waya.

Hotuna goma sha ɗaya.
Wasu sun sha ruwa, wasu kyankyaso ya ɗanɗana.
Goma ba su ba ni wahala ba:
na rage sama, na rage ƙasa,
na sadaukar da takalmi don hula ta tsira.

Na sha ɗayan ne ya ƙi.
Kwance aka ɗauke shi, a ƙofar masaƙa a Kakuri,
maza biyar kan benci guda,
auduga ta yi musu furfurar aro.
Malam Tanimu yana tsakiya, siriri kamar sillen kara.

Na matse su duka cikin firam,
sai suka miƙe zanƙal-zanƙal kamar turakun wuta.
Na ƙanƙanta su,
baƙi ya cinye sama, ya cinye ƙasa,
fuskoki suka koma ƙwayar gero.
Janareton maƙwabci yana ƙirga mini kuɗi.
Na ja layi ta dama, na ja ta hagu,
uku suka rage, fes, har ana ganin maɓalli.
Na ce aiki ya yi kyau.

Ranar Juma'a tsohon ya zo da kansa,
ya sauko daga Keke yana dafa kafaɗar 'yarsa.
Ya kalla shiru, yana taunar goro a hankali,
har muka iso bencin.

"Tsaya, yaro. Mu biyar ne."

Ya ɗora yatsa a gefen allo,
kan baƙar roba, inda babu komai.
"Nan Sallau yake. Shi ya riga mu.
Nan kuma Bitrus.
Kwano ɗaya muke ci, shekara goma sha tara.
Yana can ƙetaren gada yanzu, in yana nan.
Kullum ina cewa gobe."

Ban ce masa laifin firam ba ne.
Firam bai riƙe linzami ba.

Na dawo da hoton yadda yake, da faɗinsa,
na bar tagar a tsaye, na sa ta tafiya,
ta tashi daga hagu, sannu, kamar mai gaisuwar makoki,
Sallau, sai wani mai tabarau da sunansa ya ɓace,
sai shi, sai Ɗanlami direba,
sai can a ƙarshen benci, rabin kunne ya goge,
mutum yana dariya da gwangwanin shayi a hannu.

"Ɗan jinkirta a nan," in ji shi.
Na ƙara daƙiƙa uku.
"Ƙara."

Bidiyon ya haura minti biyar.
Ladingo ta ce zai yi nauyi, zai cinye wa dangi data.
Tsohon bai ji ta ba.
Yana tambayata ko a cikin masu zuwa shagon nan
akwai ɗan Sabon Tasha.