Gig Takwas

A Rijiyar Ɗorowa, bayan la'asar,
Zayyanu ya farke cikin kwamfuta
kamar mahauci a kan akuya.
Kamfanin iri biyu yake ƙerawa, in ji shi:
kore tsirara na ma'aikatan ofis,
da mai baƙin sulke na 'yan gem,
wanda ke walƙiya ja da shuɗi.

Yaron ya zaɓi mai sulke.
Ƙas! Memori ya zauna.
Motar cikin allo ta bar ɗingishi.

Da dare a Mabera
tsohonsa, da ya taɓa riƙe bashin rabin kasuwa a ka,
ya dube shi: "Kai ɗan wa na?"

Zayyanu ya laluba aljihu.
Saura sanda guda, gig takwas,
babu ramin da zai soka ta.